Yadda Mazhar Ya Cinye Ajinsa

Ranar da ake rabon baki Mazhar ya yi sammako, ya samu kaso biyu. Ranar rabon hankali kuwa ya tsaya a hanya yana ba mutane labarin bakin da ya samu, kafin ya isa an tashi.

Mutumin Multan ne, can Pakistan, dogo siriri, da gashin baki wanda yake murzawa in zai yi magana mai girma, wato kullum. Ba mugu ba ne, Allah Ya sani. Yana gaida tsofaffi, yana ɗaukar wa mata kwando. Ciwonsa ɗaya ne: ya yarda duk duniya babu wanda ya kai shi iya auna aiki da ladansa.

Makarantu biyu suka neme shi ya zo ƙasarmu koyar da Turanci, ɗaya a Tashkent, ɗaya a nan garinmu Kokand. Ya zaunar da matarsa Shagufta, ya murza gashin baki.

"Ta Tashkent kuɗinta ya fi yawa, amma safe da yamma ne. Wannan aikin jaki ne. Ta Kokand aikin rabin yini, la'asar zuwa magariba, sauran lokacin in miƙe ƙafa. Kuma miliyan huɗu duk wata."

"Miliyan huɗu na me?" in ji Shagufta.

"Na kuɗi mana! Na kashin awaki ne?"

Kuɗin jirgi ne babu. Saniya ɗaya ce a gidan, ta Shagufta, wadda nononta ke riƙe da yaransu uku. Ita aka sayar. Mazhar ya ɗora hannu a ƙirji ya ce kafin shekara ta zagayo zai ɗaure mata biyu a turken, kuma masu ciki.

Ya sauka a unguwarmu, ya kama ɗaki a gidan Tursunoy-hola, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata tsakar gida mai faɗi da rumfar inabi. Harshenmu bai ba shi wuya ba. Mai surutu ba ya daɗewa bai koyi yare ba, cikinsa ba zai bar shi ya yi shiru ba. Mutane suka shiga kiransa domla, kamar yadda muke kiran kowane malami, shi kuwa kansa ya ƙara kumbura.

Da wata ya ƙare, mai makarantar, Dilafruz-opa, ta miƙa masa miliyoyinsa na som, kuɗin ƙasarmu, a ɗaure. Ya cika aljihu biyu, ya nufi kasuwa yana tafiya kamar mai shirin sayen kasuwar, ya tsaya gaban Hoshim mahauci ya ce a yankar masa kilo ɗaya na rago.

"Som dubu ɗari," in ji Hoshim.

"Dubu ɗari? Ragon ya yi karatu ne?"

"Bai yi ba, domla. Shi ya sa yake da daraja."

Kafin ya biya haya, ya sayi gurasa da shayi da katin waya, miliyoyin sun narke kamar kitse a kasko. Abin da ya rage ko jelar saniya ba zai saya ba. Da wani ne, da ya zauna ya yi tagumi. Mazhar ya ce ai ba albashin ne ya yi kaɗan ba, cikinsa ne ya yi yawa, kuma zai san yadda zai yi da shi.

A makon nan Ergash-ota, dattijon unguwa, ya tausaya wa baƙo, ya ja shi zuwa gashtak ɗinsu. Tsofaffi ne sa'o'in juna, kowace Juma'a suna haɗuwa gidan ɗaya daga cikinsu, mai gida ya ciyar da kowa. Aka kawo osh a manyan farantai, shinkafa na sheƙi, karas ya yi laushi, nama a sama kamar hula. Mazhar ya ci har ya kwance igiyar wando. Da za a tashi aka ƙulle masa sauran a ƙyalle, da gurasa biyu.

Ya shigo gida yana haki. "Hola, wannan zaman, nawa ake biya?"

"Ba a biya."

"Ko sisi?"

"Zagaye ne, ɗana. Yau gidan wannan, wani mako gidan wancan. Wata rana gidanka."

"Su nawa ne?"

"Sun fi goma."

"To ni ne na ƙarshen shigowa, ni ne na ƙarshen layi. Kafin ya zagayo kaina ina Multan ina tatsar shanu."

Tursunoy-hola ta dube shi ta ce, "Allah Ya sa shanun su jira ka."

Shi ke nan, dabara ta samu. In gashtak ɗaya na ciyar da mutum kwana biyu, uku za su riƙe shi mako guda, albashi kuma ya kwanta a ƙarƙashin katifa yana ƙiba. Ya liƙe wa Hoshim har mahauta suka sa shi a nasu na ranar Lahadi. Ya liƙe wa direbobin tasi, samari masu ihu da taba, suka sa shi a nasu na Laraba don su riƙa dariyar yarensa. Mazhar ya daina sayen ko albasa. Kumatunsa suka fito. Ya kira Shagufta ya ce ta fara gyaran turke.

Sai dai wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A gidan Ergash-ota aka fara. An ci, an shafa addu'a, sai tsohon ya turo jikansa gaba.

"Domla, ga wannan ɗan banzan. Ba karatu nake nufi ba, wa zai wahalar da kai? Ya dai riƙa zuwa da safe yana zama kusa da kai, ko kalma biyu ta faɗa masa a kunne."

Naman mutum na tsakanin haƙoranka, da wane baki za ka ce masa a'a? Mazhar ya ce ya zo. Ranar Lahadi Hoshim ya turo 'ya'yansa biyu. Ranar Laraba wani direba ya turo ƙanensa, da ɗan maƙwabcinsa don kada ƙanen ya ji kaɗaici a hanya. Kowane faranti ya haifi yaro, wani ma tagwaye. Kafin inabi ya nuna, tsakar gidan Tursunoy-hola ta cika tun daga hantsi har azahar, yara a kan gadon katakon rumfa, yara a kan matakala, yara a bakin rijiya suna rera Turanci kamar kwaɗi bayan ruwa. Mazhar na tsakiya yana ihu, muryarsa ta dishe, alli har cikin gashin baki.

"Ashe aikin rabin yini ya yi girma," in ji Tursunoy-hola.

"Wannan ba aiki ba ne, hola, hira ce. Aiki shi ne wanda ake biya."

"Haka ne. Jakin Ergash-ota ma hira yake yi da amalanke."

A makaranta kuwa abin daɗi ya same shi: ajinsa na la'asar ya fara ramewa. Yau kujera biyu babu kowa, jibi biyar. Ya lura fuskokin da suka ɓace da yamma su ne ke cika masa tsakar gida da safe, ya ce ƙauna ce, yara sun kasa jira har la'asar su gan shi. Ya dawo gida yana murmushi.

"Hola, kin ga auna aiki? Albashi na nan yadda yake, littattafan da nake dubawa sun ragu da rabi. In aka ci gaba haka, zama kawai zan riƙa yi ana biyana."

Tsohuwa ta ajiye tsintsiya. "Wa ke biyanka?"

"Dilafruz-opa."

"Ita wa ke biyanta?"

"Iyayen yara."

"To."

"To me?"

"To ci gurasarka, ɗana."

Ita Dilafruz-opa ba ta san dawar garin ba. Iyaye sun yi ta kawo mata uzuri, wannan ɗansa na fama da ƙyanda, wancan ya tafi ƙauye jinyar kaka. Ta tare Mazhar a ƙofar aji ta tambaye shi ko ya san abin da ke korar yara.

"Opa, kwantar da hankalinki. Iska ce ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta rage."

"Ƙaiƙayin nan shi ke biyan kuɗin wuta, domla."

Da bakinsa ya tsaya a cin abinci, da wataƙila ya kai bazara. Amma Mazhar ba ya iya haɗiye loma bai ɗora mata magana ba. Duk gidan da aka je, sai ya suɗe faranti tas, sannan ya jingina ya ce, "Ba laifi, ba laifi. Amma a Multan, in na ɗora shinkafa, maƙwabta kuka suke yi don ƙamshi." Ya faɗa a gidan tsofaffi, ya faɗa a gidan mahauta, ya faɗa a gidan direbobi. A Kokand kana iya zagin rawanin mutum ya ƙyale ka, amma ban da osh ɗinsa.

Ergash-ota ne ya fara. "Domla, mun yi maka rashin kunya. Ga gwani a cikinmu, mun bar shi a ƙarshen layi kamar maraya. Mako mai zuwa naka ne."

Ranar Lahadi Hoshim ya ce su ma suna so su yi kukan nan na Multan. Ranar Laraba direbobi suka buga tebur suka ce saura su. Duk gari ɗaya ne, magana ba ta buƙatar tasi.

Mazhar ya ɗaga katifa ya dubi abin da ya tara. Walima uku za su cinye shi har da katifar. Ya yi zagaye a tsakar gida yana murza gashin baki, can sai ya tafa hannu.

"Hola! Wuta ɗaya, tukunya ɗaya, rana ɗaya. Duk in tara su ranar Asabar, in sallame su gaba ɗaya."

"Ba a haɗa gashtak. Kowa da sa'o'insa yake zama."

"Don ba a taɓa samun mai lissafi ba ne a garin."

"Wa zai yanka maka karas na mutum arba'in?"

"Ina da ɗalibai."

"Ranar Asabar kana da aji a makaranta."

"Darasin ranar a fili za a yi shi. Sunayen kayan miya."

Tsohuwa ta yafa gyalenta. Ta je ta aro masa babbar tukunyar unguwa, wadda ake dafa abincin biki a ciki, don ta ce in mutum zai faɗa rijiya, gara a ba shi mai zurfi ya gama da wuri.

Ranar Asabar Mazhar ya je wurin Hoshim ya sayi kilo biyu, rabi ƙashi. Hoshim ya tambaye shi ko kyanwar hola ce ba ta da lafiya. Shinkafa kuwa ya sayi buhu, mai araha, wadda ake ba kaji. Ya bi ta makaranta ya kwashe 'yan biyar ɗin da suka rage masa, ya haɗa su da rundunar safe, kowa da wuƙar gidansu. Da ya ga yankan karas siri-siri na cin lokaci, ya ce a goge shi a magogi. Tursunoy-hola ta ga karas ya zama dusa, ta yi salati ta shige ɗaki.

Ya zuba mai kaɗan, don mai tsada ne. Ya zuba ruwa da yawa, don ruwa kyauta ne. Ya ɗauko ƙullin barkonon da ya zo da shi daga Multan ya juye duka. Sannan ya yi abin da ko yaron goye a Kokand ya san ba a yi: shinkafa na kwance a kan nama tana shan tururi, ya ɗauki ludayi ya shiga tuƙa ta.

Tsohuwa ta leƙo ta taga. "Kada ka juya! Ba a juya osh!"

"A Multan juyawa muke yi."

"To a Multan za a ci!"

Tsofaffi ne suka fara isowa, da rigunansu masu ɗinki da sanduna, suka hau gadon katako a ƙarƙashin inabi, aka zuba musu shayi. Mahauta suka shigo, suka ga tsofaffi, suka yi turus, suka gaisa, suka rakuɓe a gefe. Sai ga direbobi, tun daga waje ana jin su, ɗaya na ba da labarin wata fasinja wanda ba ya faɗuwa a gaban manya. Ya shigo da taba a baki, yana tsakiyar dariya, ya yi ido huɗu da mahaifinsa a kan gado. Tabar nan a tafin hannu ya kashe ta. Cikin direbobin nan babu wanda ba shi da uba ko kawu ko suruki a wurin. Mutanen da suka zo a yi musu hidima suka ƙare a tsaye jikin bango, hannu a ƙirji, wasu na zuba wa tsofaffi ruwan wanke hannu.

"Domla," ɗaya ya raɗa masa, "in na kama ka a hanya, ba birki zan taka ba."

Hoshim ya taka zuwa murhu, ya ɗaga murfi, hayaƙi ya buge shi ya ja baya yana tari. Ya sa ludayi, ludayi ya tsaya da kansa.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Ni na sayar masa da naman nan, kilo biyu, amma ko ni ban gane shi ba. Domla, ka sa shi a ciki, ko dai ka nuna wa tukunyar shi daga nesa?"

"Ya narke ne. Haka gwanaye ke yi."

"Ƙashin ma ya narke?"

Ana cikin haka aka turo ƙofa. Dilafruz-opa ce, da wani mai kantin atamfa a bayanta, wanda ta kai makaranta ya ga ajin malamin ƙasar waje kafin ya sa 'ya'yansa. Sun tarar da aji wayam, mai gadi ya ce musu domla ya kwashe yara sun tafi da wuƙaƙe. Ta shigo a guje, gyale a hannu. Ta tsaya. Ta dubi yaran da ke tsugune cikin ɓawon albasa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga awakinta a garken wani.

"Wannan ba shi ne ke kwance da ƙyanda ba? Sannu da jiki. Kai kuma, yaya kakar taka a ƙauye? Hoshim, waɗannan biyun ba su ne ka ce min sun koma koyon fawa ba?"

Hoshim ya shiga duban cikin tukunya kamar ya yar da zobe a ciki. Tsofaffi kowa ya sami abin kallo a ƙasan kofin shayinsa. Ergash-ota ya yi gyaran murya.

"'Yata, ba karatu ba ne. Zama suke yi kusa da shi."

"Nawa kuke biyansa, ota?"

"Biya? Haba. Ai namu ne. Tare muke ci."

Ta juya ga Mazhar. Ya murza gashin baki, wanda ya yi fari da dusar shinkafa.

"Opa, in kika auna abin da kyau..."

"Na auna. Ni nake biyanka albashi, kai kuma kana raba hajata kyauta a bayan gida, ana biyanka da shinkafa. Ka cinye ajinka, domla, faranti-faranti. Ranar Litinin kada ka wahalar da takalminka."

Mai kantin atamfa ya matso kusa da Ergash-ota ya tambaya a hankali, "Ota, wato a nan kyauta ne? Ƙarfe nawa ake farawa?"

Dilafruz-opa ta fita ta bugo ƙofa har inabi ya zubo.

Abinci dai an dafa, kuma ba a tashi a bar abincin mai gida. Aka kwaso shi da ƙyar, yana fitowa gunduwa-gunduwa kamar tubali, sama ɗanye, ƙasa gawayi. Ergash-ota ya yi bisimilla ya kai loma. Idonsa ya kawo ruwa. Ya haɗiye, don shi dattijo ne, ya zauna yana kallon sama, hawaye na bin gemunsa. Na kusa da shi ya shanye butar shayi ta baki. Wani tsoho ya cire haƙoransa na roba ya tsoma su a ruwa.

"Gaskiya ka faɗa, domla," in ji Ergash-ota da muryarsa ta dawo. "Ga shi muna kuka."

Direbobin da ke jikin bango suka kasa riƙewa. Dariya ta fashe, iyaye ko ba iyaye, har mahauta na dukan cinya, har matan maƙwabta da ke leƙe ta kan katanga.

Tsohon ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Ba za mu zalunci baƙo ba. Wannan ba za mu lissafa shi a matsayin girkinka ba, kada sunanka ya ɓaci. Mun yafe, kamar ba a yi ba. Juma'a mai zuwa sai ka yi mana namu, mu kaɗai, Hoshim ya dafa, kai ka sayi kaya."

"Mu Lahadi," in ji Hoshim. "Kilo shida, kuma ni zan auna."

"Mu Laraba," in ji mai ƙunar hannu. "Kuma in na ga ko sandar tsoho a ƙofa, a kanka zan huce."

Aka shafa addu'a aka watse. Kowane uba, a bakin ƙofa, ya riƙe hannun Mazhar da hannu biyu ya ce tunda yanzu la'asar ɗinsa babu aiki, yaron zai riƙa dawowa da yamma ma, ya zauna kusa da shi.

Tursunoy-hola ta fito ta same shi zaune a gefen tukunya, ya zuba mata ido. Ta ajiye masa gurasa da shayi mai zafi, ta ce ya ci tukuna, ƙanzon ba inda za shi, tare za su kankare. Bai kai ga gutsura ba waya ta yi ƙara. Shagufta ce. Ya miƙe zaune, ya share gashin baki, murya ta dawo masa.

"Shagufta, albishirinki. Na bar aikin rabin yinin nan, bai dace da mutum irina ba. Yanzu cikakke nake yi, safe da yamma. Ɗalibai har ba wurin zama."

"Alhamdu lillahi. Nawa suke biya?"

"Nan ƙasar ba a wulaƙanta malami da kuɗi. A faranti ake biya."



"To," in ji ta, "ka aiko min da farantin. Gobe da safe in ɗaure shi a turke in tatsa wa yara."